Malamin Gwamnati Mai Bin Almasihu: Tarihin 'Yancin Addinin Ma'aikaci a Ƙasar Kano

A yawancin ikilisiyoyinmu na yammacin Kano, daga Mainika zuwa ƙauyukan da ke kewaye da Gwarzo da Kabo, masu bi manoma ne. Amma da wuya a rasa mutum biyu ko uku masu cin albashin gwamnati: malamin firamare, ma'aikaciyar asibitin karkara, ko akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma. Su ne sukan riƙe littafin baiko, su rubuta abin da aka tattauna a taron dattawa, su koyar a makarantar Lahadi. Su ne kuma sukan zo gidan fasto bayan sallar yamma da tambayoyin da ba a cika taɓa su a ajin tauhidi ba. Hedimasta ya ce kowane malami ya tsaya a taron safe lokacin addu'a, in tsaya? Akwai 'ya'yan masu bi a makarantarmu, ba mai koya musu darasin addininsu, ina da ikon tara su? An tsallake ni a ƙarin girma, waɗanda na riga shiga aiki sun wuce ni, in yi shiru ko in rubuta takarda?

Waɗannan tambayoyi suna da amsa a doka, amsar kuwa tana da tarihi. Haƙƙin ma'aikaci na riƙe addininsa yana rubuce tun kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, kukan Kiristocin Arewa kuma yana cikin abin da ya sa aka rubuta shi. Mai hidimar da bai san yadda aka yi aka rubuta shi ba zai iya ba ɗan ikilisiyarsa shawara ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana, ko ya zuga shi ya nemi abin da doka ba ta ba shi ba.

Zamanin En'e

Sa'ad da Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller da abokan tafiyarsu suka iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan shekara uku Turawan mulki suka ci Kano da Sakkwato. A watan Maris na 1903 Lugard ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta sa baki a addinin Musulunci ba. Razdan-razdan da suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa ma'anar alkawarin nan har ya zama katanga. Ba a barin ɗan mishan ya zauna a ƙasar sarki Musulmi sai da izini, izinin kuwa ba ya samuwa da sauƙi. Miller ya sami zama a cikin birnin Zariya daga 1905, amma a ƙarshen shekarun 1920 sai da aka fitar da aikin zuwa Wusasa, bayan ganuwa.

Mu tuna abin da kalmar gwamnati take nufi ga mutumin ƙauye a wancan zamani. Di'o yakan zo rangadi ya wuce. Gwamnatin da ake kwana da ita ake tashi da ita, ita ce En'e: sarki, hakimi, dagaci, alƙali, ma'aji, malaman haraji da dogarai. Aikin En'e hidimar sarki ne, sarki kuwa shugaban Musulmi ne a ƙasarsa. Bamaguje yana biyan haraji, yana zuwa aikin hanya in an kira, amma ba shi da kujera a cikin wannan tsari, ba wanda kuma ya ga abin mamaki a haka.

Da aka zo kan ilimin boko, sai aka bi sawu ɗaya. Hans Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa a 1909. Shi kansa da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar Hausa, amma makarantar da ya kafa ta 'ya'yan sarakuna da malamai ce, ba a koyar da Littafi Mai Tsarki a cikinta. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, an kafa ta domin horar da malamai Musulmi waɗanda za su koyar a makarantun masarautu. Daga baya aka buɗe wata a Toro domin malaman yankunan da ba na Musulmi ba. Wato tun daga tushe aka raba sana'ar koyarwa gida biyu bisa ga addini. Bamagujen Gwarzo sai ya faɗa tsakani. Bahaushe ne gaba da baya, yana zaune a ƙasar Sarkin Kano, amma ba Musulmi ba ne. Ba don shi aka gina Katsina ba, Toro kuma ta yi masa nisa ta kowace fuska.

Ƙofar da ta buɗe, kuturta ce ta buɗe ta. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka miƙa wa mishan ɗin SIM kula da asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Wuraren na En'e ne, likitoci da masu jinya na mishan ne. Daga nan aka sami izinin buɗe tashoshi a karkara, irin su Roni, Karaye, Kabo da Tofa, da asibitin ido na Kano a 1943. Izinin yana tafe da sharuɗɗa, ciki har da hana wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci. A waɗannan tashoshi ne 'ya'yan Maguzawa da yawa suka koyi karatu, suka zama malaman makaranta da malaman asibiti.

A nan akwai abin da nake so mu riƙe, domin shi ne tushen ruɗanin da ya biyo baya. Malamin mishan ba shi da ubangida biyu. Wanda ya ɗauke shi aiki shi ne ya aike shi bishara. Da safe ya koyar da lissafi, da rana ya koyar da labarin Yusufu, ran Lahadi ya hau bagade ya yi wa'azi, duka aiki ɗaya ne, albashi ɗaya. Dattawanmu da suka tashi a hannun irin waɗannan malamai, har yau in an ce malami Kirista, wannan hoton suke gani. Amma jikansu da ke koyarwa a firamaren gwamnati yana zaune a kan wata kujera dabam.

Kwamitin Willink da haihuwar haƙƙin

Da mulkin kai ya gabato, ƙananan ƙabilu a jihohin nan uku suka tsorata. A Arewa tsoron ya fi ƙarfi a tsakanin waɗanda ba Musulmi ba: in Bature ya tafi, wa zai tsaya tsakaninmu da En'e? A 1957 gwamnatin Ingila ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Henry Willink ya zaga ƙasa ya saurari koke-koke. Ikilisiyoyi sun riga sun fara tsayawa da ƙafarsu a lokacin, ECWA ta kafu a 1954, TEKAN a 1955, saboda haka masu bi sun sami bakin magana. Abubuwan da aka kai gaban kwamitin sun haɗa da wahalar samun filin gina majami'a, da yadda ake ɗaukar shaidar wanda ba Musulmi ba a kotun alƙali, da tsoron wariya a wajen aiki da sarauta.

Mutane da yawa sabuwar jiha suka nema. Rahoton da ya fito a 1958 bai ba su ba. Abin da ya ba da shawara a yi shi ne a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin kundin tsarin mulki, yadda kotu za ta iya tilasta su. Aka shigar da su a 1959, kafin zaɓen tarayya, suka kuma shiga kundin 1960. Yawancin kalmomin an ɗauko su daga yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen Turai ta 1950. Amma sakin layin da ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba, kusan kalma da kalma yake da wanda ke cikin kundin Pakistan na 1956. Abin lura ne: ƙasar Musulmi ce ta rubuta wannan kariya domin tsirarun da ke cikinta. Saboda haka in wani ya ce muku wannan doka ƙirƙirar 'yan mishan ce da aka ɗora wa Arewa, tarihi bai goyi bayansa ba.

A daidai wannan lokaci gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato masana shari'a, a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan Muhammad Abu Rannat, suka duba tsarin kotuna. Daga shawararsu aka sami kundin hukunta laifuffuka na bai ɗaya, wanda ya fara aiki a 1960 a kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Sardauna da fuskoki biyu na zamaninsa

Ba a yi wa Sardauna Ahmadu Bello adalci in an faɗi rabin labarinsa. Manufarsa ta cika ma'aikatun Arewa da 'yan Arewa ta buɗe wa 'ya'yan makarantun mishan ƙofar da En'e ba ta taɓa buɗe musu ba, domin su ne suke da takardun da ake bukata. Taken Jihar Arewa shi ne Aiki da Ibada. Akwai Kiristoci a majalisar ministocinsa, irin su Michael Audu Buba. Sunday Awoniyi ya yi aiki kusa da shi. Likitansa, Ishaya Audu, Bahaushe ne Kirista ɗan makarantar Wusasa, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Kafin su ma, Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, likitan farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948.

Wannan Sardaunan ne kuma, tsakanin 1963 da 1965, ya fita rangadin musuluntar da jama'a, yana Firimiya, da motocin gwamnati da rakiyar sarakuna da hakimai. Ƙauyukan Maguzawa suna cikin wuraren da aka nufa. A matsayinsa na Musulmi yana da cikakken ikon kiran mutane zuwa ga addininsa, kundin 1960 ya ba shi wannan kamar yadda ya ba mai bishara. Matsalar ita ce rigar da ya sa ya fita. In Firimiya ya zo ƙauye tare da hakimi, dagacin da ba Musulmi ba da ƙaramin ma'aikacin En'e ba za su iya rarrabe gayyata da umarni ba. Kiristoci da yawa sun yi kuka a lokacin cewa sarauta da ƙarin girma sun fara bin wanda ya sauya addini. Daga wannan damuwa aka kafa ƙungiyar Kiristocin Arewa a 1964, wadda ta riga CAN ta 1976.

A ganina darasin wannan zamani ya fi na kowane zamani amfani ga batunmu, domin ya nuna inda gizo ke saƙar. Mutum yana da addini, kujera ba ta da shi. In mai kujera ya ɗauki nauyin kujerar ya ɗora a kan kiran addininsa, na ƙasa da shi ya rasa 'yancinsa ko da ba a yi masa barazana ko ɗaya ba. Za mu koma kan wannan, gama bai tsaya a kan Firimiya kaɗai ba.

Ranar da malamin mishan ya zama malamin gwamnati

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. A cikin shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan a jihohi da dama, a 1976 kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Makarantu suka yaɗu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo da alli ba, aka ɗauki malamai da yawa cikin gaggawa. Wannan alheri ne, kada mu musa. Yara da yawa daga gidajen Maguzawa da na masu bi ta wannan hanya suka shiga aji.

Amma malamin da ya kwana yana ma'aikacin mishan ya wayi gari yana ma'aikacin gwamnati. Wanda zai sa hannu a ƙarin girmansa, ko ya canja masa wurin aiki, yanzu jami'in ilimi ne, ba shugaban tasha ba. Darasin Littafi Mai Tsarki, wanda dā shi ne ƙashin bayan makaranta, ya zama darasi ɗaya a jadawali, sai in hukuma ta turo mai koyar da shi. A inda masu bi suke tsiraru, sau da yawa ba a turowa. Wannan shi ne kukan da shugabannin ikilisiya a Kano da maƙwabtanta suka daɗe suna yi, Tarayyar Masihiyawa ma ta sha ɗaga murya a kansa: yara suna zaune a ajin IRK, ko suna yawo a waje, alhali ba malamin CRK.

Ga kuma maganar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai da ita ake samun aikin jiha da gurbin karatu. A nan Bahaushe Kirista yake cin karo da abin da ɗan'uwansa Kirista na Sabon Gari bai sani ba. Na Sabon Gari yana da garin da zai koma ya karɓo takarda. Ɗan Mainika ba shi da wani gari, a nan aka binne cibiyarsa da ta kakanninsa. Koken da aka sha ji shi ne, mai suna Haruna ko Musa yakan wuce ba tambaya, amma Bitrus ko Rifkatu sai an tsaya ana duban juna, kamar suna ne yake nuna asali. Ba kowane dagaci ko jami'i ke yin haka ba, da yawa sun sa hannu ba gardama domin sun san gidan da yaron ya fito. Amma inda aka yi, an hana mutum aiki tun kafin ya nema, ba kuma wata doka da ta ce a yi haka.

Abin da kundin 1999 ya tanada

Kundin da muke aiki da shi yau ya gaji waɗannan haƙƙoƙi ta hanyar na 1963 da na 1979. Sashe na 10, wanda ya samo asali daga kundin 1979 bayan zazzafar muhawarar shari'a a majalisar tsara kundi ta 1977 zuwa 1978, ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowane mutum 'yancin tunani da lamiri da addini, har da ikon sauya addini, da ikon bayyana shi da yaɗa shi, shi kaɗai ko tare da wasu, a ɓoye ko a fili. Bai ce ban da ma'aikacin gwamnati ba. Wanda ya karɓi takardar kama aiki bai ajiye wannan haƙƙi a bakin ƙofar ofis ba.

Sashe na 42 ne ya fi kusa da tambayoyin da ake kawo wa fasto. Ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda addininsa ko ƙabilarsa ko garin asalinsa, kuma bai tsaya kan dokar da aka rubuta kaɗai ba, ya haɗa da yadda ake aiwatar da doka da matakan da jami'an gwamnati suke ɗauka. Wato jinkirta fayil da gangan yana cikin abin da aka hana. Gaskiya ne sashen ya bar wa doka damar gindaya sharuɗɗan naɗi a muƙaman gwamnati, amma doka ya ce, ba son zuciyar jami'i ba. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita 'yancin addini ta hanyar doka domin tsaron jama'a da zaman lafiya da kare haƙƙin wasu. Wannan ma ya kamata mu gaya wa mutanenmu, kada su ɗauka 'yancin ba shi da iyaka.

Da Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, bayan Zamfara, gwamnati ta nanata cewa ba za ta shafi wanda ba Musulmi ba. Ta fuskar kotu haka tsarin yake. Amma ma'aikaci da ɗalibi ba a kotu suke haɗuwa da gwamnati ba, a takardar umarni suke haɗuwa da ita. A 2003, shekarar da aka kafa Hukumar Hisba da doka, gwamnatin jihar ta ba da umarnin 'yan mata a makarantunta su sa hijabi, shugabannin Kirista kuwa suka yi kuka a kan 'ya'yansu.

Aji wuri ne mai hatsari

Ba za a rubuta wannan tarihi a ɓoye jini ba. Rikicin Kafanchan na Maris 1987, wanda ya bazu har Zariya da Funtuwa da Katsina, a kwalejin horar da malamai ya fara. A ranar 21 ga Maris 2007, ɗalibai suka kashe malama Christiana Oluwasesin a wata sakandaren gwamnati a Gandu, cikin garin Gombe, tana gadin jarrabawa, bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani. Shugaban makarantar, Musulmi, ya yi ƙoƙarin kare ta, shi ma ya sha duka. A watan Satumba na wannan shekara rikicin Tudun Wada a kudancin Kano daga makarantar sakandare ya tashi. A ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, ɗaliba ce mai shirin zama malama. Bayan 'yan kwanaki aka kama Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Warji ta Jihar Bauchi, saboda saƙon da ta tura a WhatsApp game da kisan. Ta shafe fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare kafin a ba da belinta a Disamba 2023, kotu kuma ta wanke ta a Disamba 2024.

Kotu ta wanke ta, amma watannin da ta yi nesa da 'ya'yanta ba mai mayar mata. Saboda haka fasto ba zai karanta wa malami sashe na 38 ya sallame shi kawai ba. Dole ya gaya masa cewa haƙƙin yana nan, kariyar da ke bayansa kuwa takan makara. Malamin da yake gadin jarrabawa, ko yake cikin zauren WhatsApp na ma'aikata, ya san inda yake tsaye.

Takobin mai kaifi biyu ne

Ɗalibin tarihin ikilisiya ya san ba yau aka fara hana mai bi koyarwa ba. A shekara ta 362 Sarkin Roma Yuliyanus ya kafa dokar da ta hana Kiristoci koyar da adabin Helenawa, yana cewa bai dace mutum ya koyar da abin da bai gaskata ba. Mashahurin malami Biktorinus ya ajiye kujerarsa a Roma maimakon ya bar bangaskiyarsa. Wannan labarin muna son faɗarsa. Wanda ba mu cika faɗa ba shi ne, da mulki ya dawo hannun Kiristoci, Sarki Yustiniyanus a 529 ya hana masu bin addinin gargajiya koyarwa da cin albashin hukuma. A Ingila, dokar 1673 ta hana 'yan Katolika da sauran waɗanda ba 'yan Angilikan ba riƙe muƙamin gwamnati, ba a kau da wannan shinge ba sai a 1828 da 1829. Kirista ne ya hana Kirista aiki fiye da shekara 150. Wariyar nan ba halin wani addini ɗaya ba ce, halin mai rinjaye ne in ba abin da ya taka masa birki.

Shi ya sa ba na ganin daidai ne mu yi murna da sashe na 38 a Kano, mu yi fushi da shi a Legas. A ranar 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai, ta yanke cewa Jihar Legas ba za ta hana ɗalibai Musulmi sa hijabi a makarantun gwamnati ba. Wasu masu bi sun ɗauki hukuncin a matsayin faɗuwa. Amma hujjar da ta ba 'yar Musulmi ikon rufe kanta a Legas, ita ce hujjar da 'yar mai bi za ta riƙe a Kabo in an tilasta mata suturar da ba ta addininta ba. Wanda ya rushe ta a can ya rushe rumbunsa a nan.

Haka nan sakin layi na biyu na sashe na 38, wanda ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Muna kawo shi domin 'ya'yanmu, daidai ne. Amma shi ne kuma ya ɗaure hannun malami Kirista. A cikin aji, yana gaban yara Musulmi waɗanda doka ta tara masa, yana riƙe da jan biro da sakamakon jarrabawa, shi ne mai kujera. In ya mai da darasin lissafi wa'azi, ya yi a ƙaramin wuri abin da kakanninsa suka yi kuka da shi a 1964. Yana da ikon a san shi Kirista ne, ya riƙe sunansa, ya yi addu'arsa, ya amsa in abokin aiki ya tambaye shi dalilin begensa, ya tsaya cikin ladabi a taron safe ba tare da ya furta addu'ar da ba tasa ba. Bayan an tashi kuma yana iya zuwa bishara kamar kowane mai bi. Abin da ba shi da shi, shi ne ikon malamin mishan na zamanin Tofa da Roni.

Ƙasashen waje ma ba su daidaita a kan iyakar nan ba. Faransa tana hana ma'aikacin gwamnati nuna alamar addini a bakin aiki sam. A Amurka kuwa, kwana goma bayan hukuncin hijabi, kotun ƙolinsu ta goyi bayan wani mai horar da 'yan wasa a makarantar gwamnati wanda ya rasa aikinsa saboda yana durƙusawa ya yi addu'a a fili bayan wasa. Nijeriya ba ta bi hanyar Faransa ba: ana tashi da wuri ran Juma'a, ana hutun Lahadi da Kirsimeti da Ista da sallolin Musulmi. Mu ma kada mu manta cewa hutun ƙarshen mako na gwamnati a kan ranar sujadarmu ya faɗa.

Hanyar kai kuka

Wasu dattawa sukan ce mai bi ba ya kai ƙara, sai haƙuri. Haƙuri ɗabi'a ce ta Ruhu, amma Manzo Bulus bai ɗauke shi ya zama watsi da haƙƙi ba. A Filibi ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye sai mahukunta sun zo da kansu, a Urushalima ya ambaci zamansa ɗan ƙasar Roma kafin a yi masa bulala, a gaban Festus kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 16, da 22, da 25. Daniyel sura 6 ta ƙara mana wani abu: maƙiyansa sun bincika aikinsa sarai, ba su sami abin kamawa ba. Malamin da ba ya zuwa aji, ko ma'aikacin da ke makara kullum, in ya ce saboda addini aka tsallake shi, fasto ya fara tambayarsa game da rajistar zuwa aiki kafin ya ɗauki maganar zuwa gaba.

In koken na gaskiya ne, a fara da takarda zuwa ga shugaban wurin aiki ko sakataren ilimi, a riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Kukan da aka yi a bakin majami'a ba ya zama shaida. Akwai ƙungiyar malamai ta NUT, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta 1995. Bayan gyaran kundi na 2010, shari'ar da ta shafi wariya a wurin aiki tana zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano. Sau da yawa kuma, ziyarar dattawan ikilisiya ga dagaci ko hakimi cikin girmamawa takan warware abin da zai ɗauki shekaru a kotu, musamman maganar takardar asali, domin su ne suka san gidaje.

Game da darasin addini, a 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan manhajar da ta cusa CRK da IRK a ƙarƙashin darasi ɗaya tare da wasu fannoni, har Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta ce a raba su, kowanne ya tsaya da kansa. Saboda haka CRK yana cikin manhajar ƙasa. Amma in ikilisiya ta je neman a turo malami, tambayar farko da jami'i zai yi ita ce, ina mai takardar? Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a makarantar gwamnati ita ce NCE, tare da rajistar hukumar malamai ta TRCN. Takardar makarantar Littafi Mai Tsarki, komai kyanta, ba ita ake nema a wannan tebur ba. Gundumar da take son malamin CRK a firamaren ƙauyenta sai ta tura 'ya'yanta kwalejin ilimi su karanto fannin, ta kuma tabbata suna da takardar asalinsu a hannu tun kafin a buɗe ɗaukar ma'aikata.